Ƙungiyar masu ceton maguna a Kano: jinya mai kyau, tantancewar da ta kauce hanya

Akwai wata ƙaramar ƙungiya a nan birnin Kano, ta wata likitar dabbobi da wasu matasa 'yan sa-kai, yawancinsu ɗalibai, waɗanda suka ɗora wa kansu aikin tsintar magunan da aka yar a juji, ko mota ta buge, ko uwarsu ta mutu ta bar su tun ido bai buɗe ba. Sukan yi jinyarsu har su murmure, daga nan su nemi wanda zai ɗauke su riƙo. Ba su da shago, ba su da allo a bakin titi. A Instagram da WhatsApp suke tallata dabbobin, a bayan wani gida kuma suke ajiye su. Na karɓi mage a hannunsu, na kuma ga yadda suka yi da wasu mutanen da na sani, don haka maganata ta shafi ɓangarori biyu na aikinsu. Ta fuskar jinya ban ga abin kushewa ba. Ta fuskar tantance masu neman riƙo kuwa, sun tsananta a inda tsanani ba ya kare mage daga komai, sun kuma yi sako-sako da abubuwan da suke kashe maguna a garin nan. Na sakaya sunansu ne domin ba tozarta su nake nufi ba. Mutane ne da suke kashe kuɗin aljihunsu a kan aikin da ba wanda ya sa su.

Wurin ajiyar ɗakuna biyu ne da rumfa. Abin da ya fara burge ni shi ne babu zarnin fitsarin da yakan tari mutum tun daga ƙofa a inda aka tara maguna da yawa. Maimakon yashin kanti mai tsada da ake shigowa da shi daga waje, yashin rafi suke tankaɗewa su zuba a robobi, ana kwashe kashin safe da yamma. Duk magen da aka kawo sabuwa ana keɓe ta a ɗaki na biyu har mako biyu kafin ta haɗu da sauran, saboda murar maguna da kuma cutar nan ta amai da zawo wadda takan ƙarar da 'ya'yan mage cikin 'yan kwanaki idan ta shiga wuri. Kowane keji yana da kati a jikinsa: ranar da aka tsinto ta, unguwar da aka same ta, nauyinta, da magungunan da aka ba ta. Sun kuma sa fanka mai aiki da sola, wanda duk wanda ya san zafin watan Afrilu a Kano, lokacin da ma'aunin zafi yake kai digiri 40, ya san ba ado ba ne.

Ba sa ba da ɗan mage da bai cika mako 8 ba, kuma wannan daidai ne, domin wanda aka raba da uwarsa ko mai shayar da shi kafin haka yakan tashi da laulayi. Kafin dabba ta bar hannunsu an ba ta maganin tsutsar ciki da na ƙuma, an yi mata allurar da ke kare ta daga cututtukan maguna uku, idan ta kai wata 3 kuma an yi mata ta haukan kare. Manyan an riga an yi musu tiyatar hana haihuwa. Ƙananan kuma ana rubuta ranar da za a dawo da su a yi musu tiyatar. Kuɗin da suke karɓa bai kai abin da asibiti mai zaman kansa zai caji mutum a kan tiyatar kaɗai ba, kuma suna ba da katin allura mai ɗauke da sa hannun likita da hatiminta. Har nan, duk wanda ya ce sun gaza bai yi musu adalci ba.

Matsalar tana farawa ne daga lokacin da mutum ya ce yana so. Za a turo masa fom ta intanet, da Turanci zalla, mai shafuka da yawa. Ana tambayar sana'arsa da abin da yake samu a wata. Ana tambayar ko gidan nasa ne ko haya, idan haya ne ana neman takardar amincewar mai gida. Ana neman sunan likitan dabbobin da ya saba zuwa wurinsa, da awa nawa magen za ta riƙa zama ita kaɗai a rana, da alkawarin cewa ba za ta taɓa fita waje ba, da alkawarin ciyar da ita abincin leda ko na gwangwani. Bayan haka sai bidiyon gidan ɗaki-ɗaki, da lambar wayar mutum biyu da za su tsaya masa, sannan ziyarar gani da ido, sannan yarjejeniya. Ni malamin makaranta ne, kuma sai da na zauna da natsuwa kafin na gama cike shi. Ban san yadda ake tsammanin mai sayar da kayan miya a 'Yankaba zai yi da shi ba.

Duk wanda ya karanta tambayoyin zai gane ba a Kano aka haife su ba. An kwafo su ne daga ƙungiyoyin Amurka da Ingila, inda wannan aiki ya daɗe: ƙungiyar RSPCA ta Ingila tun 1824 aka kafa ta, ASPCA ta Amurka kuma tun 1866. A can tambayar takardar mai gida tana da ma'ana, domin yarjejeniyar haya a rubuce take kuma sau da yawa tana hana ajiye dabba. Tambayar sunan likita ma tana da ma'ana, domin kusan duk mai dabba yana da asibitin da ke riƙe da tarihinta. Abin da masu kwafar ba su lura da shi ba shi ne su kansu masu tsarin sun fara ja da baya. A 2009 wasu masu bincike biyu a Amurka, Emily Weiss da Shannon Gramann, sun kwatanta mutanen da suka biya kuɗi suka karɓi mage da waɗanda aka ba su kyauta, ba su sami wani bambanci na a zo a gani ba a yadda suka shaƙu da dabbobin. A 2015 kuma ƙungiyar Humane Society ta Amurka ta fitar da kundin jagora tana kiran gidajen ajiyar dabbobi da su rage dogayen sharuɗɗa, su koma zama da mai nema a yi hira, a fahimci halinsa, a koya masa abin da bai sani ba. Wato mun ari rigar da masu ita suka fara tuɓewa.

Wata maƙwabciyarmu, dattijuwa da mijinta ya rasu, tana sayar da ƙosai da koko a ƙofar gida, ita ce ta sa na fara duban tsarin da idon basira. Tana zaune a gidan haya, ciki da falo, kuma ta shekara da shekaru tana riƙe da wata mage har tsufa ya kashe ta. Da ɓeraye suka addabi buhun wakenta sai jikanta ya cike mata fom ɗin a wayarsa. A wurin da aka tambayi dalilin neman mage ya rubuta gaskiya: saboda ɓera. A wurin abinci ya rubuta kan kifi da ragowar abincin gida. A wurin likita ya bar fili, domin magenta ta farko ba ta taɓa ganin likita ba. Bayan dogon shiru aka turo gajeren saƙo cewa ba ta cika sharuɗɗa ba, ba tare da an faɗi wanne ba. Ba wanda ya kira ta, ba wanda ya zo ya ga tsakar gidanta, wadda ta fi ta mutane da yawa tsafta. Da na ba ta haƙuri cewa ta yi: “Malam, ai ba komai. Mage ce fa, ba gona ba.”

A makon da aka hana ta aka kawo mata 'yar mage daga wani gida a bayan layi, ƙarama ƙwarai, wadda da gani ba ta isa yaye ba. Ta raine ta da haƙuri har ta girma. Ba a yi mata allura ko ɗaya ba, ba a yi mata tiyata ba, kuma yanzu ta haihu, 'ya'yan sun bazu a unguwa, wasu a gidaje wasu a kwata. Wannan shi ne abin da nake so ƙungiyar ta tsaya ta yi tunani a kai. A Kano mage ba abu ne mai wuyar samu ba. Daga Kurna zuwa Ɗorayi, daga Fagge zuwa Hotoro, da wuya a sami layin da babu gidan da ake neman wanda zai raba su da 'ya'yan mage. Wanda aka hana ba ya fasa riƙo, hanya kawai yake canzawa. Sakamakon hanin shi ne mage mai allura da tiyata ta ci gaba da zama a keji, wata marar ko ɗaya ta shiga gidan da waccan za ta shiga, mutumin kuma ya yi nesa da likita ɗaya tilo da zai iya gaya masa abin da zai amfane shi. A lokaci guda, shafin ƙungiyar cike yake da sanarwar cewa keji ya cika, ba za su iya karɓar sababbin marasa lafiya ba. Kowace mage da aka riƙe wata da watanni ana jiran gidan da ya cika sharaɗi goma sha wani abu, ta tare wurin wata da ke kwance a gefen titi.

Na kai wa likitar wannan ƙorafi, kuma ta saurare ni ba tare da ɓacin rai ba. Ta ce: “Malam, kai waɗanda aka hana kake gani, ni kuwa waɗanda aka dawo mini da su nake gani.” Ta ba ni labarin wadda aka dawo da ita da karyayyar ƙafa bayan yara sun ɗaure ta da igiya suna ja, da wadda aka tsinta a jujin da aka fara ɗauko ta domin uwargida ta ce ba za ta zauna da ita ba, da masu zuwa da siffar tausayi alhali so suke su sami mage mai dogon gashi su riƙa haɗa ta barbara suna sayar da 'ya'yan. Wanda ya kwana yana ɗura wa ɗan mage madara da sirinji duk bayan awa biyu ko uku ba zai miƙa shi ga duk wanda ya buɗe hannu ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ta kuma ambaci hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na matar da ta shiga wuta saboda mage da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba, ta ce tana tsoron ta zama ita ce ta miƙa dabba ga irin wannan hannu. Tsoron nata gaskiya ne. Abin da na gaya mata shi ne babu ko ɗaya daga cikin waɗannan ɓarna da fom ɗinta zai iya hangowa. Mai sayar da 'ya'yan mage ya fi kowa iya Turanci da ɗaukar bidiyon falo mai kyau, kuma albashi ba ya nuna ko yaran gida suna da tarbiyyar tausayin dabba.

Ziyarar da aka kawo gidanmu ta ƙara tabbatar mini da haka. Wani saurayi mai ladabi ne ya zo da takarda a hannu. Ya gaida mahaifiyata har ƙasa, ya ce: “Hajiya, a yi haƙuri, za mu ɗan duba ɗakunan.” Ya duba tagogi ya ga akwai raga, ya auna tsayin katanga da ido, ya tambayi inda za a ajiye robar yashi, ya yi alama a takardarsa. A lungun kicin, bayan buhun gero, akwai murfin gwangwani da aka barbaɗa wa garin maganin ɓera a kan ɗan busasshen kifi. A kan taga kuma ga kwalbar fiya-fiya da ake yayyafawa saboda sauro. Ya wuce su duka biyun bai ce uffan ba, domin babu su a takardarsa. Bai kuma tambayi Hajiya ko tana son a kawo mage gidan ba, alhali ita ce take wuni a gida, ita za ta zuba mata ruwa, ita ce kuma za ta iya cewa a fitar da ita. An bar jaki ana dukan taiki.

Idan za a tsananta, to a nan ya kamata. Gidan da ke neman mage saboda ɓera shi ne gidan da ya fi yiwuwa a sami guba a ajiye, kuma mage tana mutuwa ko ta ci abincin da aka sa wa gubar, tana kuma iya cutuwa idan ta ci ɓeran da ya ci. Maganin ƙwari mai ƙarfi da ake fesawa a rufe ɗaki yana iya halaka ta. Maganin kaska na karnuka mai sinadarin permethrin guba ne ga mage, ko da an shafa mata kaɗan. Mafi muni kuma shi ne parasitamol, wanda yake a kowane gida: hantar mage ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, kuma mutanen kirki ne suke ba ta shi da niyyar taimako idan suka ga jikinta ya yi zafi. Duk wanda ya ƙi yarda ya kawar da guba daga gidansa, a hana shi, ko da a Nasarawa GRA yake zaune. Wanda ya yarda, aka zauna aka yi masa bayani da Hausa, ya cancanta ko da ɗaki ɗaya gare shi.

Haka nan yardar mutanen gida. A wurinmu ba takardar mai gidan haya ce abin nema ba, domin yawancin haya a cikin gari da baki ake ƙulla ta. Abin nema shi ne amincewar uwargida, da ta maigida idan matar ce ta nema, da ta maƙwabtan da ake haɗa tsakar gida da su, musamman idan akwai mai kiwon kaji ko tantabaru. Har yanzu akwai masu ɗaukar baƙar mage a matsayin aljana, akwai masu cewa gashinta yana hana mace haihuwa. Maganar gashi ba ta da tushe. Abin da likitoci suke gargaɗi a kai shi ne wata ƙwayar cuta da ake iya ɗauka daga kashin mage, wadda ke da haɗari ga ɗan tayi, maganinta kuma shi ne mai ciki ta bar wa wani kwashe yashin, a riƙa kwashewa kullum, a wanke hannu. Hirar minti goma a tsakar gida za ta fito da duk wannan fili. Idan za a ba da 'ya aure a garin nan ba fom ake ba manemi ba. Maƙwabtansa ake tambaya, da abokan sana'arsa, da waɗanda suke sallah tare, domin su suka san halinsa. Tambayar maƙwabci ɗaya yadda yaran gidan suke yi da dabbobi ta fi shafi uku na rubutu amfani.

Sharaɗin tiyatar hana haihuwa shi ne wanda nake goyon bayansu a kai ba tare da ja ba. Mage tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4 ko 5, cikinta kwana 63 zuwa 65 ne, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kowane karo 'ya'ya uku zuwa biyar. Wanda ya lissafa wannan ya san daga ina kwalayen da ake ajiyewa a bakin juji suke fitowa. Inda suka gaza shi ne yadda suke amsa wa masu shakka ta fuskar addini. Wani abokina ya tambaya ko fiɗiye muzuru ya halatta, aka amsa masa da cewa dokar ƙungiya ce, in bai yarda ba ya haƙura. Tambayarsa ba ta jahilci ba ce. Mai Risala, Ibn Abi Zaid, ya ce babu laifi a fiɗiye tumaki da awaki saboda gyaran namansu, ya kuma ce an hana fiɗiye dawaki, wanda ke nuna malamai sun duba maslaha da cutarwa ne a kowace dabba. Mutumin da ya taso da wannan karatu yana da haƙƙin a yi masa bayani cewa ana yin aikin ne da allurar barci, a faɗa masa abin da ake gudu, a bar shi ya je ya tambayi malaminsa ya dawo. Ƙin ba shi mage marar tiyata daidai ne. Sallamarsa da gatse kuskure ne.

Alkawarin cewa mage ba za ta taɓa fita waje ba kuwa, alkawari ne da ake tilasta wa mutane yin ƙarya a kansa. Gidan Bahaushe tsakar gida gare shi a buɗe, kuma babu katangar da za ta gagari mage. Wanda zai iya cika wannan sharaɗi sai mai zama a bene ko gidan da aka rufe ko'ina da raga. Hadisin Abu Ƙatada da ke cikin Muwaɗɗa ma ya siffanta ta da cewa tana daga masu kai-kawo a tsakaninmu, kuma haka muka san ta. Na fahimci abin da suke tsoro: mota, karnuka, gubar maƙwabta, da yara masu jifa. Amma abin da zai yiwu shi ne a ce a tsare ta a ɗaki mako biyu ko uku na farko har ta san gida, a riƙa ciyar da ita da magariba domin ta saba kwana a ciki, sannan a dogara da tiyatar, wadda take rage wa muzuru yawo da faɗa. Batun abinci ma haka yake. Gaskiya ne mage ba za ta rayu lafiya a kan tuwo da shinkafa ba, domin jikinta yana buƙatar wani sinadari da sai a nama da kifi ake samunsa, rashinsa kuma yana taɓa ido da zuciya. Gaskiya ne miya mai albasa da tafarnuwa tana lalata mata jini, madarar shanu kuma tana sa yawancinsu zawo. Sai dai ba dole sai abincin leda ba. Dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, da guntayen nama da kayan ciki da ake samu da araha wurin mahauta, da ƙwai, sun fi ƙarfin abin da yawancin magunan gari suke samu. Wannan abin koyarwa ne, bai kai dalilin hani ba.

Suna da 'yan karnuka kaɗan, kuma a nan ban ga tsananin da ya yi yawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma kaso mai yawa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kare a Kano don gadi ake nemansa, wanda ke nufin sau da yawa ƙarshensa sarƙa ce a rana, ba inuwa ba ruwa. Akwai kuma masu fataucin karnuka zuwa kasuwannin da ake cin namansu. Don haka idan suka dage sai sun ga inuwa da wurin kwana, sai an yi alkawarin sabunta allura, sai an kawo wanda zai tsaya wa mutum, ina tare da su. Kuskuren shi ne ɗaukar ma'aunin kare a auna mage da shi.

Rauninsu mafi girma yana bayan an miƙa dabbar. Yarjejeniyar ta ce za su riƙa bibiya, ta kuma ce magen tana nan a matsayin mallakarsu, suna iya karɓe ta duk lokacin da suka ga dama. Wannan jimla ta biyu tana ɓata wa mutane rai a banza, kuma ba na jin ƙungiyar da ba ta da ko abin hawa za ta iya aiwatar da ita. Idan zalunci ake gudu, dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ta riga ta haramta azabtar da dabbar gida. Bibiyar kuwa, kira ɗaya aka yi mini a farko, daga nan shiru. Ni da kaina na tuna ranar sabunta allura. Da ƙarfin da suke kashewa wajen karanta fom da kallon bidiyon falo sun karkata shi ga kiran waya bayan mako guda, da bayan wata guda, da tunatarwa idan lokacin allura ya yi, da sun kama matsaloli tun suna ƙanana. Ya kamata kuma a faɗa wa kowa a fili cewa idan riƙon ya gagara ya dawo da ita ba tare da an ci masa fuska ba, domin kunyar dawowa ce take sa a kai mage juji da daddare.

Ga wanda yake da wayar zamani, yake jin Turanci, yake da haƙurin jiran amsa, ina ba shi shawarar ya neme su, domin zai sami lafiyayyar mage da aka gama mata komai a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Tamu ta zo ba ƙuma ba tsutsa, ta saba da robar yashi, kuma tun da ta shigo ba a sake jin motsi a bayan buhun gero ba. Wanda ba shi da waɗannan, ya nemi wani ya kai shi wurin likitar kai tsaye maimakon ya bi ta fom, domin na lura ta fi takardarta sauƙin kai idan aka zauna da ita ido da ido. Idan hakan ma bai yiwu ba ya karɓi ta maƙwabta, amma ya bari ta cika mako 8, ya kai ta asibitin dabbobi na gwamnati a yi mata allura, ya kuma tambayi inda ake tiyatar. Ranar ɗauko ta a tafi da kwando mai murfi da tsumma a ciki, domin ba sa yarda a sa ta a buhu ko a riƙe ta a hannu cikin adaidaita sahu, kuma a kwashe maganin ɓera daga gidan tun kafin a fita.